Ruwan Wankin Allon Nasara

Na san yadda ake ba ku labarin nan, domin na sha jin ku kuna ƙyalƙyala dariya ta bayan zana. Ana ce muku wai kakata Tumba, don ƙauyanci, ta kusa shan guba tana zaton magani ne. To, tun ina da sauran numfashi da sauran tawada, bari in gyara muku zancen. A cikin labarin nan wawa ɗaya ne tak, kuma shi ne ya haifi iyayenku. Tsohuwar nan ba ta yi komai ba sai abin da kowane mai hankali zai yi idan ya yarda da maganar jikansa. Kuskurenta guda, ta ɗauka wanda ya yi aji uku a elementare ya san abin da bakinsa ke faɗi.

Kada kuma ku raina aji ukun nan, da su na shiga Sakkwato na fito da suna. A shekarun ƙarshe na mulkin Nasara, lokacin da ake ta raɗe-raɗin za su tattara nasu su tafi, na sami aiki wurin wani Bature mai kula da wayar iska. Mai Lofe muke kiransa, don ko barci yake yi ina jin lofen na bakinsa. Aikina shara, riƙe tsani, da hura wutar narka dalma. A bayan gidansa yana da wata rumfa inda yake harhaɗa rediyo don jin daɗinsa kawai, kuma a can ne wata rana ya nuna mini sabuwar dabarar da ta zo daga ƙasarsu. Maimakon a cika cikin akwati da wayoyi a cukurkuɗe, sai a ɗauko wani ɗan allo wanda aka shafe fuskarsa ɗaya da jan ƙarfe siriri kamar ɓawon albasa. A zana hanyoyin da wuta za ta bi da fenti, a bari ya bushe, sannan a tsoma allon cikin wani ruwa mai launin tsatsa. Ruwan sai ya cinye duk jan ƙarfen da fenti bai rufe ba, ya bar zanen. A goge fenti da kananzir, sai ga hanyoyi suna ƙyalli, an yi waya ba tare da waya ba. Ranar da na fara ganin haka na kasa cin tuwo.

Mai Lofe ya cire lofensa, abin da ban taɓa gani ba, ya nuna ni da shi, ya yi mini gargaɗi da irin Hausarsa:

"Garba, wannan ruwa mugu. Ba sha, ba taɓa da hannu. Ba kwano na ƙarfe. In ya gama aiki ya ƙara mugu, don ya ci jan ƙarfe ya ƙoshi. Ba zuba ƙasa, ba zuba gulbi, kifi mutu, akuya mutu. Farar ƙasa tukuna. Kuma ba ajiye inda mutum zai samu. Ka ji?"

"Yassa," in ji ni.

Ya nuna mini yadda ake kashe ƙarfin ruwan: a riƙa barbaɗa farar ƙasa kaɗan-kaɗan ana juyawa da sanda, har ya daina motsi ya koma taɓo, a shanya taɓon, a rufe shi a kai nesa da rijiya. Na ce yassa. Duk abin da ya faɗa na ce yassa. Da tafiyarsa gida ta tashi, ya haɗa mini akwati guda: alluna huɗu, gwangwanin fenti, garin da ake jiƙawa ya zama ruwan a cikin kwalba, safar hannu ta roba, ƙananan kayan haɗi, abin sawa a kunne, da takardar da ya zana hanyoyin a kai. Na ɗora akwatin a bayan keke na nufo garinmu Wurno ina ji kamar ni ne sabon Razdan.

Cikin bazara ne. Na kafa sansani a zauren mahaifina, a unguwarmu ta wajen fadama. A nan ne abu na farko ya faru wanda ban shirya ba. Mai Lofe ya manta bai sa mini burushi a akwatin ba, don haka na yi abin da hannuna ya saba tun makarantar allo: na samo karan gamba na feƙe alƙalami. Ku dubi hoton da idon zuci. Ga saurayi zaune a kan buzun ubansa, ga allo a cinya, ga alƙalamin kara, yana tsomawa cikin baƙin abu yana ja da layuka masu kusurwa, kowane layi da ɗigo a ƙarshensa. Wa zai gani a ƙasarmu bai ce hatimi ake zanawa ba? Masu wucewa suka fara rage murya. Wani ya tuɓe takalmi kafin ya leƙo. Wata mai fura ta durƙusa ta ce Allah gafarta Malam. Ni da ban sauke ko izu biyar ba! Na ji abin ya yi mini daɗi har cikin ɓargo, na ƙara haɗe gira, ban ce wa kowa fenti ne ba.

Sai wankin allo. Wannan a waje na yi shi, a fili, kamar yadda aka koya mini, cikin kwanon tangaran, da safar roba a hannu, ina karkaɗa kwanon a hankali rana na ɗumama ruwan. Allon farko ya lalace don ban jira fenti ya bushe ba, na biyu na zana shi a juye, sai a na uku Allah ya dube ni. Jama'a sun yi da'ira suna kallon jan ƙarfe yana narkewa a gaban idonsu kamar gishiri, zanen kuma yana fitowa. Ruwan da ya fara da launin tsatsa ya koma baƙi-baƙi da ɗan kore, ba shi da maraba da abin da malam ke wankewa daga allo ya ba ka a ƙoƙo. Na ɗure shi a babbar kwalba, da shi da ruwan ɗauraya, kwalba ta kusa cika. Na toshe, na kai ɗakina na tura ƙarƙashin gado. Ɗakin kuwa ƙofarsa asabari ne.

Kwana biyu na yi ina huda allo da liƙa kaya da dalma. Na ja waya daga kan gawon ƙofar gida zuwa rufin zaure, na haɗa batir, na sa abin a kunne. Da farko shuu kawai nake ji, kamar ruwan sama a kan ganye. Na murɗa, na murɗa. Can sai ga goge, siriri kamar kukan sauro, daga nan wani mutum ya buɗe baki ya yi sallama da Hausa, daga Kaduna! Wallahi na yi tsalle har kaina ya bugi azara. Na fita da gudu ba hula ina kiran mutane. Kafin la'asar layi ya kai bakin masallaci. Mahaifina ya sa a kunne, ya saurara, ya cire da sauri ya amsa sallamar, sannan ya leƙa bayan zaure ko wani ne ya ɓuya. Masunta suka baro taru a gulbi, masu ban ruwan albasa suka jefar da jigo. Wani ya ji kalangu ya fara taka rawa da abin a kunnensa, sai da na riƙe wayar. Mata suka aiko a shigo musu da shi cikin gida, aka yi ta guɗa kamar an kawo amarya.

Kakata Tumba, uwar mahaifina, ita ce ta ƙarshe. Kunnenta ya yi shekaru yana ja da baya, sai an yi mata ihu take ji. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, angona take ce mini, ni kuma in ce mata amarya. Ta gyara zama, ta gyara ɗankwali, na sa mata abin a kunnen dama. Ta jira. Na mayar hagu. Duk gidan aka zuba wa fuskarta ido.

"An hwara?" in ji ta.

"Tun ɗazu, amarya! Ga shi nan ana goge!"

"Ni ban ji komi ba."

Ta cire da kanta ta miƙo mini, ta yi 'yar dariya, amma na ga yadda ta kau da kai. Kowa a unguwar ya ji Kaduna ban da ita. Da zan fita ta kamo bakin rigata.

"Angona, ruwan da kaw wanke allon ga, ina kak kai shi?"

A nan ne ya kamata in duƙa in yi mata ihu a kunne in ce guba ce. Amma mata sun kewaye ni, ana ta Malam Garba, Malam Garba, kaina ya kumbura ya fi tulu. Sai na ɗaga murya don kowa ya ji:

"Wanga ruwa? Ai ya hi ƙarhinki, amarya! Allo ma da ba shi da kunne, da anka wanke shi ya ji Kaduna. Ke in kin kurɓa, har hirar mutanen Makka sai kin ji!"

Aka fashe da dariya, ni ma na yi, na fita ina taƙama. Ni a wurina wasa ne. Wannan maganar kuwa, duk cikin surutun ranar, ita kaɗai ta shiga kunnenta daram.

Ranar kasuwar Goronyo na hau keke da sassafe don in sayo batir da farar ƙasa. Ku shaida, ban manta da farar ƙasa ba, jinkiri kawai na yi mata na kwana shida. Na yi sayayyata, na ɗaure buhun a bayan keke, na yi azahar, na zauna a rumfar mai tsire ina ba mutane labarin yadda nake magana da Kaduna. Ina cikin haka sai ga maƙwabcinmu Modi mai albasa, wanda ya biyo mota da hantsi. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam Garba, Allah shi saka da alheri! Ka kyauta wa tsohuwa."

"Da mi?"

"Rubutun mana. Ta ɗauko kwalbar ɗakinka da sahe. Har mai ɗakina Ige ta ɗibam ma, ka san ita ma kunnenta guda na ruwa. Su huɗu na, duk sun ɗau azumi yau, sun ce da shi za su buɗe baki, don addu'a ta hi kamawa."

Tsiren da ke bakina ban san inda ya tafi ba. Na ce masa wace kwalba, ya ce ta ƙarƙashin gado, wata kwalba gare ka? Na dubi rana, ta riga ta karkata. Tsakanina da Wurno tafiya ce wadda na yi tun asuba har hantsi ina tuƙi. Motar da ta kawo shi ba za ta juya ba sai kasuwa ta watse. Na bar batir a kan benci, na bar takalmi ɗaya, na haye keke.

Jikokina, ban taɓa tuƙa keke kamar ranar ba, kuma keken bai sake zama keke ba. Inda hanya ta yi tauri na tashi tsaye a kan feda, inda ta yi yashi na sauka na tura da gudu, inda yashin ya yi yawa na saɓa shi a kafaɗa da buhun da komai. Jakai na ganina suna ba ni hanya. Wasu Fulani suka ɗaga mini hannu, na wuce su ina ihun guba ce, guba ce, suka bi ni da kallo. Duk addu'ar da na sani na karanta, da ta ƙare na koma kan ta shiga kasuwa da ta hawa jirgi. Rana kuma sai sauka take yi kamar ana janta da igiya. Na yi la'asar a tsaitsaye a gindin wata tsamiya, ban san raka'a nawa na yi ba. Da na hango tudun Wurno rana ta zama ja, ta zauna a kan itatuwan fadama.

Na jefar da keke a ƙofar gida na faɗa ciki ba sallama. Ga Kaka a kan tabarma, ga dabino uku a gefe. Tana da wata moɗa ta sanholo, farin ƙarfen nan marar nauyi, wadda wani alhaji ya kawo mata tsaraba, ba ta shan komai da ita sai zamzam da rubutu. A cikinta ta tsiyaya rabonta don girmamawa, ta ajiye tana jiran kiran salla. Moɗar nan kuwa tafasa take yi ba wuta. Tana ƙuna, tana huci, wani jan ƙasa-ƙasa na tasowa, ruwan ya huda gindi yana bin ƙasa. Matan gida sun ja baya suna salati, wata na cewa kun ga ƙarfin rubutu, kun ga asirin Nasara. Kaka ta tattare zanenta tana kallon abin da gefen ido.

"Angona," in ji ta, "rubutunka ya ci mani moɗa."

"Kin sha? Kaka, kin sha?"

"Da azumi bakina? Kai dai ba ka da hankali."

Na durƙusa a ƙasa ina hamdala. Amma mahaifina, da ya shigo da butar alwala a hannu, ya ɗago ni da wuyan riga ya tambaye ni mene ne a kwalbar. Na faɗa masa. Bai mare ni ba, da ma ya mara. Ya ce saura mutum uku, kowace tana gidanta da ƙoƙonta, ɗaya ma a can ƙarshen unguwa, kuma ladan ya riga ya nufi masallaci. Ba ƙafar da za ta zaga gida uku kafin ya ɗaga murya. Muka ruga masallaci. Muka tarar da Malam Ladan ya sa ƙafa a matakala, hannunsa na hanyar kunne. Mahaifina ya riƙe shi ya yi masa bayani a gurguje, ya roƙe shi ya yi shela kafin kira. Tsohon ya dube ni sama da ƙasa, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

"Ni ban yi ƙarya ba, ba ni warware ta. Wanda yay yi shi hau. Kuma ka yi maza, lokaci ba naka na ba."

Matakala shida ce, ta ƙasa. A kan ta uku na tsaya, domin na san abin da zan bari a can sama. Kwana shida ina Malam Garba, ana tuɓe mini takalmi, har an fara yi mini maganar wata yarinya a Rabah. Idan na ce kawai kada a sha yau, rubutun bai nuna ba, da na tsira da rawanina. Amma wadda aka ce wa bai nuna ba za ta ɓoye ta sha gobe. Na ƙarasa hawa, na cika ƙirji, na kwarara ihu a kan rufin unguwarmu:

"Jama'a! Ni na Garba! Kada kowa shi sha ruwan ga! Ba rubutu na ba, guba ta! Ni ba malami na ba, fenti na nika shahwa ma allo! Ƙarya niy yi! Inna Ige, aje ƙoƙon ga! Wadda duk ta amsa ta aje, kada ta zubar, kada ta taɓa! Ƙarya niy yi!"

Sau uku na maimaita, gabas da yamma da kudu. Tsuntsaye suka tashi daga kan gawo. Sannan Malam Ladan ya ture ni gefe ya yi kiransa, kuma ban taɓa jin ya ja shi da daɗi kamar ranar ba. Kafin a idar da salla ƙoƙuna uku suna jere a ƙofar zaurenmu, ba wanda aka kurɓa. Ige ta ce nata ya riga ya kai haɓa. A sahu kuwa ba wanda ya dube ni, sai dai kafaɗu da nake gani suna rawa.

Da gari ya waye mahaifina ya ce a kwashe tsiyar nan a watsa a gulbi a huta. Wani masunci da ke cikin 'yan kallo ya ce in an fasa kashe tsofaffi sai a koma kan kifinsa? Na ce ba gulbi, ba rariya, ba bayan gida inda awaki ke kiwo. Na sa safar roba, na samo tsohuwar tukunyar ƙasa, na juye na kwalba da na ƙoƙuna a ciki. Na kankare ƙasar da moɗa ta zubar har sai da na kai busasshiya, na zuba. Na kwance buhun da na sha wahalar saɓawa, na riƙa barbaɗa farar ƙasa ina juyawa da sanda, abin yana huci yana kumfa, har ya gaji ya kwanta ya zama taɓo. Na fasa ƙoƙunan na tura ciki, da sandar, da moɗar Kaka, wadda ta bi da ido har ta nutse. Kwana uku tukunyar na shan rana a kan rufi inda kaza ba ta kaiwa, ni kuma ina gadi. Da ta bushe na liƙe bakinta da yumɓu, muka hau da ita can kan tudu mai duwatsu, nesa da rijiya da fadama, na haƙa rami har ƙugu na binne, na jera duwatsu a kai. Ba wanda ya sake ce mini Malam. Maganar Rabah ma ban sake jin ta ba.

Sai dai ku san halin kakanku. Da na sauko daga tudun, na ga aikin ya yi kyau, mutane sun ga yadda na kashe dafin da hannuna, sai na ji kan nawa ya fara ɗan tasowa. Na tarar da Kaka tana shan ruwa da wani tsohon ludayi. Na tsuguna kusa da kunnenta, mata na saurare, na buɗe murya ina yi mata karatu:

"Amarya, kin ga aikin ilimi! Wanga ruwa ba a shan shi, ba a sa shi ga ƙarhe, ba a aje shi inda mutum ka iya kai hannu! Duk Bature ya hwaɗa mani tun Sakkwato!"

Ta ajiye ludayin. Ta juyo da kunnen da ya fi, ta ce in sake faɗin na ƙarshen. Na sake, da ƙarfi, har da nuna ƙirji.

"Ya hwaɗa maka," in ji ta. "Da bakinai, kana tsaye."

"Ƙwarai!"

"To ni kurma ta, sau guda kay yi mani magana na ji, na aikata. Kai da kunnuwanka biyu lahiya lau, mi ya hana ka ji?"